Ni Na Fara Ɗora Tukunyar Nan

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ciyar da Yara na ƙungiyar zumuntarmu, a nan Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya zafi, yaya ɗawainiya da jama'a? Allah ya ba da lada.

Sunana Hassana Ya'u, 'yar Zariya, ina zaune a unguwar Abu Hail. Aikina kula da yara a motar makaranta: ni nake ɗora su da safe, in ɗaura musu bel, in sauke su da rana. Mijina direba ne a wani kamfanin kargo a Al Qusais. 'Yarmu ɗaya, Nana, shekararta tara. Kai ka san ni sarai. Na faɗi wannan ne saboda sauran jama'a, domin a guruf ɗin ƙungiya zan saka wasiƙar nan. Ba haka na so ba. Sau uku ina tura maka saƙon murya, waya ta nuna mini ka saurara, ba ka amsa ba. Na je wurin sakatare har ofis, ya ce mini inshallah, ya ci gaba da danna wayarsa.

Na ji abin da ake faɗa a kaina, wai Hassana kishi take yi. Bari in hutar da masu faɗa: gaskiya ne, kishi nake yi, kuma ya ci ni fiye da yadda suke zato. Amma kishina bai mayar da abin da zan faɗa ƙarya ba.

Na farko: yadda abin nan ya fara.

Duk wanda ya yi aikin motar makaranta ya san nauyin jaka. Akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ba, kullum tana riƙe da 'yar robar abincinta mai hoton kyanwa. Wata safiya robar ta suɓuce mata a ƙofar mota, ta buɗe a ƙasa. Babu komai a ciki. Ba wai ta cinye ba ne, a'a, a bushe take tas, ko ƙamshin abinci babu. Ashe ɗaukarta kawai take yi don kada 'yan ajinsu su gane. Ta kalle ni, na kalle ta. Na rufe robar na miƙa mata kamar ban ga komai ba. Daga ranar, duk jakar da na ɗaga sai hannuna ya auna ta, kuma na gane cewa cikin yaranmu ba ita kaɗai ba ce.

Lokacin karatu da sauƙi, ƙawa za ta ɗan gutsura mata, malama za ta lura. Matsalar ita ce hutun zafi. Masu hali su tashi su tafi gida Najeriya. Marasa hali a kulle yaransu a ɗaki wata biyu, uwa na wurin aiki, uba na wurin aiki, waje kuma ba ya fituwa. Ni ma a watannin nan babu mota, babu aiki. Shekara uku kafin korona na ce wa mijina zan ƙara gwangwani biyu a shinkafar rana, in kira yaran maƙwabta. Ya ce in yi.

Da yara biyar na fara. A shekara ta uku sun haura ashirin. Fulat ɗinmu iyali huɗu ne a ciki, kicin ɗaya, lokacina daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Mukan jingina katifa da bango mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin esi, yara su ci kashi biyu, ƙanana tukuna sannan manya. Shinkafa da wake da mai da yaji, taliya, ranar Alhamis ɗanwake, idan wani ya zo daga gida da kuka sai mu yi tuwo. Mata suna kawo abin da suke da shi, wannan albasa, waccan man gyaɗa. Mma Adiza, 'yar Kumasi mai aikin shara a wani asibiti, ita ke kawo yajin nan nasu mai mai da yara ke rububi. Maƙwabciyata 'yar Filifin, da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ita ta ara mini tukunyar shinkafarta ta lantarki har shekara uku. Ban taɓa tambayar yaro takarda ba. Da yake kullum ina cewa yalla, yalla, wato maza-maza da Larabci, a wanke hannu, sai suka sa mini suna Gwaggo Yalla. Har a cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, an taɓa ƙwala mini kiran nan.

A shekara ta ukun nan ka zo, ranka ya daɗe. Ka cire takalmi, ka zauna a tabarmata, ka ci ɗanwake har ka nemi ƙari. Ka ɗauki hotuna. Da za ka tafi ka ce, “Hassana, aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, za mu shigo ciki.” Ranar har kuka na yi don murna.

Na biyu: yadda kuka shigo.

Shekarar korona ta zo, ayyuka suka tsaya, yara masu buƙata suka ƙaru, kuma ba a yarda a tara mutane a ɗaki ba. Kwamiti ya samo wani bawan Allah ɗan kasuwa da ya ɗauki nauyin abincin. Aka ce abincin da za a raba wa jama'a dole ya fito daga kicin mai lasisi. Na yarda da wannan, ban taɓa musu ba. Aka ba Hajiya Bilkisu, mai gidan abinci a Al Qusais. Wannan ma ba laifi ba ne.

Laifin shi ne a guruf na gani, kamar kowa, cikin sanarwa mai hoto. Babu wanda ya ɗaga waya ya ce Hassana, ga abin da ake ciki. Kiran da aka yi mini guda ɗaya ne, bayan kwana biyu, sakatare yana neman sunayen yara. Na zauna na rubuto su duka daga kaina: suna, gini, lambar ƙofa, wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, mai sikila da ba ta son abu mai sanyi, gidan da sai an ƙwanƙwasa da ƙarfi saboda kakar ba ta ji sosai. Da wannan takardar motarku ta san hanya. Da na ce ina so a sa ni ko a wurin zuba abinci ne, ko rufe kwalaye, sai sakataren ya ce, “Khalas, shi ke nan, an riga an tsara komai.”

Na uku: abin da kishi ya sa ni.

Zan faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Ranar da motar abinci ta fara zuwa gininmu ina tsaye a kan matattakala. Yaran suka sauko a guje, suka wuce ta gefena. Yaran da na goge wa majina, na sasanta faɗansu a kan ƙanzo. Ɗaya ce kawai ta ce “Sannu Gwaggo,” ita ma ba ta tsaya ba. Na leƙa kwalin: doguwar shinkafa, cinyar kaza guda, nonon da suke kira laban, da tuffa. Ni a shekara uku sau nawa na iya sa musu kaza? Ba na buƙatar yatsun hannu biyu in ƙirga.

Nana ma tana cikin jeri, domin a lokacin an rage wa babanta kwanakin aiki. Ta ci, ta lashe yatsu, ta ɗago kai ta ce, “Mama, ke yaushe za ki iya dafa irin na Hajiya?” Yarinya ce, ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma washegari na kira sakatare na ce a cire sunanta, wai mu ba ma buƙata. Ƙarya nake. Kwana shida 'yata tana cin taliya da manja tana jiyo ƙamshin kaza daga ɗakin maƙwabta. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta daina fita ƙofa idan mota ta zo. A rana ta bakwai babanta ya zaunar da ni, ya ce faɗana da kwamiti ne, ba da cikin yarinya ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na mayar da sunanta.

Ban tsaya nan ba. Wata Asabar na hau metro na tafi Al Qusais, wai na je gaishe da Hajiya Bilkisu. Allah ya sani ba gaisuwa ta kai ni ba. Datti na je nema. So nake in ga kyankyaso ko guda ɗaya, ko shinkafar jiya, ko ma'aikaci ba safar hannu, in samu abin faɗa. Ban ga komai ba. Kicin yana ƙyalli, kowa da hularsa da takunkuminsa. Hajiya da kanta tana tsaye tana duba kwalaye ɗaya bayan ɗaya, gumi ya jiƙa mata mayafi.

Ta karɓe ni hannu biyu, ta ba ni kujera da ruwa mai sanyi, sannan ta ce, “Baiwar Allah, yaranki nawa ne a cikin shirin?” Na faɗi sunana. Ta maimaita shi cikin ladabi, irin na wanda bai taɓa jin sa ba. A nan na gane matar da na yi wata guda ina jin zafinta ba ta ma san ina duniya ba. Babu wanda ya gaya mata akwai wata tukunya kafin tata. Da zan tafi ta ba ni kwali biyu. Na iso gida na tsaya a kicin na buɗe ɗaya, ina ci ina neman aibu, ko gishiri ya yi yawa, ko kazar ba ta dahu ba. Sai ganin ƙasan kwali na yi. Abincin yana da daɗi, ranka ya daɗe. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na huɗu: taron godiya.

Bayan an sassauta, kun kama ɗakin taro a Al Qusais don gode wa waɗanda suka taimaka. An kira ni, na yi murna, na sa atamfata ta Sallah. Da na isa sai aka nuna mini kujeru in jera da tazara, da katan ɗin ruwa in raba. Na yi, aikin jama'a ne.

Ina baya riƙe da ruwa ka hau mumbari ka ce Hajiya Bilkisu ce ta assasa ciyar da yaranmu a Dubai. Assasa, haka ka ce, akwai bidiyon a guruf har yau. A bayanka kuma majigi yana nuna hoton da kai ka ɗauka a ɗakina. Tabarmata ce, tukunyata ce mai lanƙwasasshen hannu, yarana ne a zagaye. An yanke hoton ta gefe, abin da ya rage nawa hannu ne riƙe da ludayi, da awarwaron da ke hannuna a wannan lokacin da nake rubutu. Aka miƙa wa Hajiya allon yabo mai rubutun Uwar Yara. Jama'a suka tafa. Mma Adiza da ke zaune kusa da ƙofa ta juyo ta kalle ni, ta kasa tafawa, ni kuma na kasa kallonta. Na ajiye katan ɗin na shiga banɗaki, ban fito ba sai da na ji an fara addu'ar tashi.

Ban ce Hajiya ba ta cancanci yabo ba. Ta yi aiki, na gani da idona. Amma kai ka ci ɗanwaken nan. Idan kowa a ɗakin taron bai sani ba, kai ka sani.

Na biyar, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar: fom.

A tsakiyar hutun bara kwamiti ya fito da fom da ake cikewa ta waya. Sai an ɗora hoton fasfo, da biza mai rai, da takardar albashi, da katin zama ɗan ƙungiya. An ce don a hana maguɗi ne. Ban san maguɗin da aka kama ba. Abin da na sani shi ne cikin sati ɗaya yara tara suka fita daga jeri.

Uku na Mma Adiza ne. Ita 'yar Gana ce, ba ta da katin ƙungiyar 'yan Najeriya, ko da yake Hausar da take yi wa yaranta faɗa da ita ita ce muke yi wa namu. Huɗu iyayensu sun rasa aiki, bizarsu ta mutu suna neman wani, kuma babu mai hankalin da zai ɗora matacciyar biza a wayar da bai san inda za ta kai ta ba. Biyu kuma suna hannun kakarsu, wadda ba ta iya karatu ba balle cike fom. Cikin taran nan har da yarinyar mai robar kyanwa. Wato waɗanda suka fi kowa buƙata su fom ya zaɓa ya fitar.

Ranar da motar ta zo ba a kira sunansu ba, sun tsaya a ƙofar gini har ta juya. Daga nan suka hawo sama suka ƙwanƙwasa ƙofata. Ƙaramin Mma Adiza ne ya ce, “Gwaggo Yalla, an ce ba sunanmu.”

Ranka ya daɗe, ga abin da ban gaya wa kowa ba, har mijina. Da na buɗe ƙofa na gan su, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Daɗi na ji cewa sun dawo wurina. Yara tara suna tsaye da yunwa, ni kuma ina jin daɗi. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya faru, kuma ya tsorata ni. Tun ranar nake istigfari a kansa. Shi ya sa ba na so abincin yaran nan ya sake dogara da ni, ko da zuciyata, ko da zuciyar wani mutum ɗaya.

Na dafa musu har hutu ya ƙare, ina zubawa a roba ina kai wa kowa ƙofarsa. Amma mai gadin gini ya kai ƙarata wurin mai fulat, wai ina sana'ar abinci a ɗaki. Mai fulat ya zo da kansa ya ce idan ya sake jin haka mu kwashe kayanmu. Maƙwabciyata mai tukunyar lantarki ta rasa aiki ta koma ƙasarsu. Bana ba ni da hali, ba ni da wuri. Saura sati uku a rufe makarantu, kuma na ga kun sake saka fom ɗin nan a guruf ba a canza ko layi ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

A mayar da yaran nan tara cikin jeri kafin ranar farko ta hutu, ba tare da neman takardun iyayensu ba. Idan shaida ake so, mutum biyu da aka sani a unguwa su tsaya musu. Ni zan tsaya, limamin da ke koya musu karatu ma ya ce zai tsaya.

A cire sharaɗin katin ƙungiya. Wanda ya ba da abincin nan cewa ya yi a ciyar da yara, kuma ban ji ya ware 'yan wata ƙasa ba. Idan na yi kuskure a kira shi a tambaye shi a gaban jama'a.

A bar ƙofa ga wanda ba ya iya cike fom ta waya. A sa mutum ya zauna a harabar masallaci bayan sallar Juma'a da takarda da biro, ko na sati biyu ne.

A sa ni a motar rabo. Ba albashi nake nema ba. Duk gwajin lafiyar da ake so zan yi. Na san ƙofofin nan, na san yaron da zai ce ya ƙoshi alhali kunya ce, na san gidan da ake raba kwali ɗaya mutum huɗu. Direbanku mutumin kirki ne, amma lambobi kawai yake da su.

Sai na ƙarshe, wanda nawa ne ni kaɗai, kuma ba zan yi kamar ba na so ba. Ina so ka rubuta a guruf, da hannunka, layi ɗaya: cewa a ɗakin Hassana aka fara. Ba na son allo, ba na son taro. Kada a karɓe wa Hajiya Bilkisu komai. Ita kuwa kada ta ji labarin nan a bakin 'yan gulma. Kafin in saka wasiƙar nan zan je in same ta, in gaya mata abin da ya kai ni kicin ɗinta ranar nan, in nemi gafararta.

Idan kun duba kun ga ɗaya tak za ku iya yi cikin waɗannan, to ku yi na farko. Sauran zan ci gaba da jin haushinsu, kuma ba zai kashe ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama shugabancin nan lafiya. Allah ya saka wa bawan Allahn da ke ciyarwa, ya ƙara masa buɗi. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba iyayensu aikin da zai wadatar da su har su daina jiran mota. Hajiya Bilkisu kuma, Allah ya sa albarka a kasuwancinta, ya ƙara wa hannunta daɗi. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wannan addu'ar ta ƙarshe, amma na rubuta, kuma ina roƙon Allah ya sa zuciyata ta biyo bayan hannuna.

Wassalam.

Taku,
Hassana Ya'u
Abu Hail, Dubai